Filin Tambaya da Amsa: Me Gwamnatoci Ke Yi Game da Hayaƙin da Ke Bayan Intanet?

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowar duk sun taru a kan batu guda, wato rawar da kwamfutoci da wayoyi da intanet suke takawa wajen ɗumamar duniya, da kuma matakan da gwamnatoci suke ɗauka domin rage ta. Mun taƙaita tambayoyin ba tare da mun sauya manufarsu ba.

Assalamu alaikum. Ni malamar makarantar sakandare ce. Na ji ana cewa intanet yana gurɓata iska kamar yadda jiragen sama suke yi, amma ni ban taɓa ganin hayaƙi yana fita daga waya ko kwamfuta ba. Shin gaskiya ne, kuma ina ruwan gwamnati da wannan?

Wa alaikumus salam, Malama. Maganar tana da tushe, sai dai hayaƙin ba a hannunki yake tashi ba, shi ya sa ba kya ganinsa. Yana tashi ne a wurare uku. Na farko shi ne masana'antun da ake ƙera wayoyi da kwamfutoci da talabijin, tare da ma'adinan da ake haƙowa domin su. Na biyu shi ne hanyoyin sadarwa, wato turakun waya da igiyoyin da suka ratsa ƙarƙashin teku da na'urorin da ke miƙa saƙo daga wannan wuri zuwa wancan. Na uku kuwa shi ne cibiyoyin ajiyar bayanai, waɗanda manyan gine-gine ne cike da dubban kwamfutoci da ba a kashewa dare da rana, kuma a cikinsu ne hotuna da bidiyo da saƙonnin jama'a suke zaune. Duk waɗannan wutar lantarki suke ci, kuma har yanzu fiye da rabin wutar da duniya take samarwa daga ƙona kwal da gas da mai take fitowa.

Ƙididdigar masana ta sha bamban, domin kowa da inda yake shata iyakar wannan fanni, amma galibinsu sun tsaya tsakanin kashi 1.5 zuwa kashi 4 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Jiragen sama kuwa suna fitar da kusan kashi 2.5 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, don haka kwatancen da kika ji bai yi nisa da gaskiya ba. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin ajiyar bayanai kaɗai sun sha wutar da ta kai kilowat-awa biliyan 415 a shekarar 2024, wato kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya baki ɗaya, kuma tana hasashen adadin zai kai biliyan 945 nan da 2030, musamman saboda bunƙasar ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da ke kwaikwayon tunanin ɗan Adam (AI). Kilowat-awa ɗin nan shi ne ma'aunin da mitar wuta take ƙirgawa.

Ruwan gwamnati a ciki shi ne, ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Paris ta 2015 sun ɗauki alkawarin rage wannan iska, kuma ba za su cika alkawarin ba idan suka matsa wa masu motoci da masu masana'antu lamba, suka bar wani fanni yana ninka bukatarsa ta wuta cikin shekara shida. Bayan haka, gwamnati ce take ba da filin gini, ita take ba da izinin jona cibiya da babban layin wuta, ita kuma take tsara irin kayan da za a shigo da su kasuwa. Ke da kike riƙe da waya ba ki da ikon ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin wannan batu shi ne yadda aka daɗe gwamnatoci ba su san yawan wutar da cibiyoyin suke sha ba, saboda kamfanoni suna ɗaukar alƙaluman a matsayin sirrin kasuwanci. Sai a 2023 Tarayyar Turai ta sabunta dokarta ta tattalin makamashi, ta wajabta wa duk cibiyar da ƙarfinta ya kai kilowat 500 ta riƙa ba da rahoton wuta da ruwan da take amfani da su kowace shekara, aka fara karɓar rahotannin a 2024. Wannan mataki ba ya rage hayaƙi da kansa, amma duk wata doka da za ta biyo baya a kansa za ta tsaya, domin hukumar da ba ta da alƙaluma sai dai ta karɓi abin da kamfani ya ga damar faɗa mata.

Ni ɗalibi ne mai karatun injiniyan lantarki. An koya mana cewa kwamfutoci suna ƙara inganci kowace shekara, suna yin aiki mai yawa da wuta kaɗan. Idan haka ne, ba sai a bar fasaha ta warware matsalar da kanta ba? Waɗanne dokoki aka yi wa cibiyoyin ajiyar bayanai, kuma sun yi aiki?

Abin da malamanka suka koya maka daidai ne, kuma na tsawon kusan shekara goma ya yi tasiri sosai. Tsakanin 2010 da 2018 aikin da cibiyoyin duniya suke yi ya ninka fiye da sau biyar, amma wutar da suke sha ta ƙaru da 'yan kashi kaɗan kawai, saboda an rufe ƙananan ɗakunan kwamfuta na ofisoshi marasa inganci, an koma manyan cibiyoyi da aka tsara da kyau. Sai dai wannan riba ce ta lokaci guda, domin ba a ƙaura sau biyu daga tsohon ɗaki zuwa sabo. Akwai kuma wani abu da masanin tattalin arziki na Ingila, William Stanley Jevons, ya lura da shi tun a 1865: da injinan tururi suka ƙara inganci wajen ƙona kwal, amfani da kwal bai ragu ba, ƙaruwa ya yi, saboda arahar aikin ta sa kowa ya nemi injin. Haka yake faruwa da kwamfuta. Duk lokacin da lissafi ya yi araha sai a ƙirƙiro sabon aikin da zai cinye rarar, kuma idan ba a sa hannun hukuma ba, lamarin yakan zama tufka da warwara.

Ƙasar Ailan ce ta fi nuna yadda abin yake idan ya taru a wuri ɗaya. Hukumar ƙididdigar ƙasar ta nuna cewa cibiyoyin ajiyar bayanai sun sha kashi 5 cikin 100 na wutar da aka auna da mita a 2015, amma zuwa 2023 sun kai kashi 21, har suka zarce dukkan gidajen biranen ƙasar idan aka haɗa. Tun a ƙarshen 2021 hukumar da ke kula da harkar wuta ta tsaurara sharuɗɗan jona sababbin cibiyoyi, kamfanin da ke riƙe da babban layin wutar ƙasar kuma ya nuna cewa yankin babban birnin ba zai ɗauki ƙari ba har zuwa 2028. Darasin da ke nan yana da ɗaci, domin wasu masu gini da aka hana su layin wuta sai suka nemi a jona su da bututun gas su samar da wutar da kansu. An sauƙaƙa wa layin wuta nauyi, amma ta fuskar hayaƙi an gudu ne ba a tsira ba. Dokar da aka rubuta don kare layin wuta daban take da dokar da aka rubuta don kare yanayi, kuma mai tsara manufa ya kamata ya san wacce yake rubutawa.

Singafo ta bi wata hanya da nake ganin ta fi tsari. Ta dakatar da ba da izinin sababbin cibiyoyi a 2019, lokacin da suke neman kai kashi 7 cikin 100 na wutar ƙasar, sannan ta ɗage dakatarwar a 2022 ta mayar da izinin abin takara, inda kamfanin da ya kawo tsari mafi tattalin wuta shi yake samun gurbi. Birnin Amsterdam na Holan ma ya yi irin wannan dakatarwa a 2019 na kimanin shekara guda, ya dawo da sharuɗɗa kan wurin gini da ingancin aiki.

Jamus ce ta rubuta lambobi a cikin doka. Domin ka fahimce su, ka tuna da ma'aunin da ake kira PUE, wanda yake raba dukkan wutar da ta shiga ginin da wutar da ta isa ga kwamfutocin kansu. Idan sakamakon ya zama 2, to duk kilowat ɗaya da kwamfuta ta yi aiki da shi, an kashe wani kilowat ɗin wajen sanyaya ɗaki da sauran hidima. Idan ya kusanci 1, asarar kaɗan ce. Matsakaicin cibiyoyin duniya yana wajen 1.5 zuwa 1.6. Dokar tattalin makamashi da Jamus ta zartar a 2023 ta ce cibiyar da za ta fara aiki daga watan Yulin 2026 kada ta wuce 1.2, tsofaffi kuma su sauko zuwa 1.5 a 2027 da 1.3 a 2030. Ta kuma ce rabin wutarsu ya zama daga makamashi mai sabuntawa tun daga 2024, dukkanta kuma daga 2027, sannan sababbin cibiyoyi su riƙa sake amfani da wani kaso na zafin da suke fitarwa, farawa da kashi 10 cikin 100. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba tatsuniya ba ce, domin a birnin Odense na Danmak zafin da ke fitowa daga cibiyar kamfanin Meta yana ɗumama dubban gidaje a lokacin sanyi ta hanyar bututun ruwan zafi na gari.

Amma a matsayinka na injiniya, ka lura da gurguntar wannan ma'auni. PUE yana faɗa maka yadda ginin yake tattalin wuta, ba ya faɗa maka daga ina wutar ta fito, ba ya kuma tambayar ko aikin da kwamfutocin suke yi ya cancanci wutar. Cibiya mai 1.1 da ke shan wutar kwal ta fi cibiya mai 1.5 da ke shan wutar madatsar ruwa gurɓata iska nesa ba kusa ba. Har ila yau, hanya mafi sauƙi ta rage lambar ita ce sanyaya ɗaki da ruwan da ke tururi ya tafi, wanda ke nufin an sayi tattalin wuta da kuɗin ruwa. A garin The Dalles na jihar Oregon a Amurka, bayanan da aka fitar bayan taƙaddama a kotu sun nuna cewa cibiyoyin Google sun sha fiye da rubu'in ruwan garin a 2021. Saboda haka doka mai kyau takan auna wuta da ruwa da tushen wutar a lokaci guda. Ƙasar Sin ta tunkari batun tushen wutar ta hanyar shirin da ta ƙaddamar a 2022, na tura aikin lissafin biranen gabas zuwa manyan cibiyoyi a yankunan yamma da arewa, inda iska da hasken rana da fili suka wadata, yanayin kuma ya fi sanyi.

Na ga manyan kamfanonin intanet suna tallan cewa wutarsu ɗari bisa ɗari daga rana da iska take. Idan sun riga sun gyara da kansu, me ya sa za a ɗora musu doka? Daga wata ma'aikaciyar banki.

Hajiya, tun da aikin banki kike yi, bari in yi miki bayanin da harshen lissafi. Yawancin waɗannan iƙirari a kan jimillar shekara aka gina su. Kamfani yakan ƙirga wutar da ya sha daga Janairu zuwa Disamba, sannan ya sayi wutar rana da ta iska, ko takardun shaidar samar da ita, daidai wannan adadi, sai littafi ya daidaita. Amma cibiyar tana aiki da ƙarfe biyun dare lokacin da babu rana, kuma wataƙila tana wata ƙasa daban da inda aka kafa faifan solar, don haka a wannan sa'a wutar da take sha daga tashar gas ko ta kwal take zuwa. Takardar shaida mafi rauni ita ce wadda aka saya daga tsohuwar tashar da da ma tana aiki shekara da shekaru, domin sayenta bai ƙara ko kilowat ɗaya mai tsabta a duniya ba, sunan mai shi kawai aka sauya.

Adalci ne a ce waɗannan kamfanoni suna cikin manyan masu sayen makamashi mai sabuntawa a duniya, kuma kwangilolinsu na dogon lokaci sun sa an gina tashoshin rana da na iska da dama. Google ma da kansa ya amince da raunin lissafin shekara, ya sa wa kansa burin daidaita wutarsa sa'a bayan sa'a nan da 2030. Sai dai rahotannin da kamfanonin suka fitar da hannunsu a 2024 sun nuna inda aka dosa: Google ya ce hayaƙinsa ya ƙaru da kashi 48 cikin 100 tsakanin 2019 da 2023, Microsoft kuma ya ce nasa ya ƙaru da kusan kashi 29 tun daga 2020, galibi saboda siminti da ƙarfe da na'urorin da ake zubawa a sababbin cibiyoyi. Alkawarin da kamfani ya ɗauka da son ransa yana tsayawa ne muddin bai ci karo da gasar kasuwa ba, kuma tseren ƙirƙirarriyar basira ya zo ya gwada shi. Yunwar wutar ta kai Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 a watan Satumban 2024 domin a sake tayar da ɗaya daga cikin injinan nukiliya na Three Mile Island a jihar Pennsylvania, wanda aka rufe a 2019.

A nawa ra'ayin, abin da doka za ta nema a nan abu biyu ne da suke tafiya tare. Duk cibiyar da za ta zo da sabuwar bukata mai girma ta zo da sabuwar wuta mai tsabta a kan layin da za ta sha, kuma a riƙa lissafin da sa'a, ba da shekara ba. Akwai kuma tambayar wanda zai biya kuɗin faɗaɗa layin wuta da sababbin tashoshi, domin idan hukuma ba ta ware wa manyan cibiyoyi nasu kason ba, kuɗin yakan bazu a takardar biyan wutar kowane gida, talaka ya tallafa wa kamfanin da ya fi wasu ƙasashe arziki ba tare da an tambaye shi ba.

Sana'ata gyaran waya ce. Kullum ina ganin wayoyin da baturi ko gilashi kawai ya lalace, amma babu kayan gyara ko kuma an manne su yadda ba sa buɗuwa. Shin wannan yana da alaƙa da sauyin yanayi? Akwai gwamnatin da ta kula da shi?

Malam, sana'arka tana tsakiyar wannan batu fiye da yadda mutane suke zato. Kusan kashi 80 cikin 100 na hayaƙin da wayar zamani take jawowa a tsawon rayuwarta an riga an fitar da shi kafin mai ita ya buɗe kwalinta, wajen haƙo ma'adinai da tace su da ƙera ƙananan sassan lantarkin da ke cikinta, aikin da ke cin wuta mai tarin yawa. Cajin da ake yi mata kullum ƙaramin kaso ne. Ma'anar wannan ita ce, wayar da ka sauya wa baturi ta ƙara shekara biyu ta hana a ƙera wata sabuwa a wannan tsakanin, kuma babu wani tattalin caji da zai kamo wannan riba. Binciken da hukumar muhalli da hukumar sadarwa ta Faransa suka fitar tare a 2022 ya gano cewa na'urorin hannun jama'a, wato wayoyi da kwamfutoci da talabijin, su ne suka ɗauki kusan kashi huɗu cikin biyar na hayaƙin fannin a ƙasar.

Faransa ce ta riga kowa a nan. Tun 2015 ta mayar da gajarta rayuwar kaya da gangan laifi a doka. A watan Fabrairun 2020 hukumar kare masu saye ta ci tarar Apple yuro miliyan 25 saboda bai sanar da jama'a cewa sabunta manhaja zai rage saurin tsofaffin wayoyinsu ba. Daga 1 ga Janairun 2021 ta wajabta a liƙa wa wayoyi da kwamfutocin tafi-da-gidanka da wasu kayayyaki maki daga cikin 10 da ke nuna sauƙin gyaransu, bisa la'akari da samuwar kayan gyara da farashinsu da takardun bayani da sauƙin kwancewa. A watan Nuwamban wannan shekarar kuma ta zartar da doka ta musamman don rage tasirin fasahar zamani a kan muhalli. Makin gyaran yana da rauni guda da aka sha nunawa, wato kamfanin ne yake ba kansa makin bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa, amma duk da haka ya sa wasu kamfanoni sun fara sakin littattafan gyara da suke ɓoyewa a da.

Tarayyar Turai ta ɗora a kai. Daga 28 ga Disamban 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a ƙasashenta dole ta yi amfani da bakin caja na USB-C, matakin da aka ɗauka bayan an ƙiyasta cewa cajojin da ake zubarwa suna kai tan 11,000 a shekara. Wanda ya fi shafar ka shi ne ƙa'idar da ta fara aiki a ranar 20 ga Yunin 2025. Ta ce baturin waya ya jure caji sau 800 yana riƙe da aƙalla kashi 80 na ƙarfinsa, kamfani ya ci gaba da samar da muhimman kayan gyara har shekara 7 bayan ya daina sayar da samfurin, ya kuma ci gaba da sabunta manhajar wayar aƙalla shekara 5. Batun manhaja yana da muhimmanci ƙwarai, domin na'ura tana iya zama lafiya lau a jiki amma a tilasta wa mai ita ya yar da ita saboda an daina aiko mata da kariya. An ga misalin haka da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali miliyoyin kwamfutoci masu aiki ba su cika sharaɗin hawa Windows 11 ba. Amfanin dokokin Turai yakan tsallaka iyakarta, saboda kamfani ba ya son ƙera samfuri biyu na waya ɗaya, shi ya sa iPhone ya koma USB-C a duk duniya tun daga 2023.

Ƙarshen hanyar kuwa ita ce bola. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a 2022, kuma kashi 22.3 cikin 100 kaɗai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace. Ana hasashen za ta kai tan miliyan 82 a 2030. Wani ɓangare nata yakan tsallaka teku da sunan kayan gwanjo, a ƙone igiyoyinsa a fili domin a ciro tagulla, masu aikin su shaƙi guba. Yarjejeniyar Basel ta 1989 ce take kula da safarar shara mai haɗari, kuma daga 1 ga Janairun 2025 an gyara ta yadda duk sharar lantarki sai ƙasar da za a kai wa ta amince a rubuce kafin a tura. Amurka ba ta tabbatar da wannan yarjejeniya ba har yau. Wahalar da ke gaban jami'in kwastam ita ce rarrabe na'ura mai aiki, wadda sake amfani da ita alheri ne ga yanayi da aljihun mai saye, da mushen na'ura da aka cusa a kwantena ɗaya. Hana shigo da tsofaffin kaya gaba ɗaya zai cutar da masu ƙaramin ƙarfi da masu sana'a irinka. Abin da ya dace shi ne a wajabta gwaji da takardar shaidar aiki tun daga tashar da aka yi lodi.

An ce in riƙa goge tsofaffin saƙonnin imel domin in ceci duniya. Yana da amfani? Kuma me ake ciki game da haƙar kuɗin kirifto?

Goge imel ba laifi ba ne, amma tasirinsa ƙanƙani ne ƙwarai, domin kwamfutocin cibiyar suna kunne ko ka goge ko ba ka goge ba. Idan kana neman abin da ke hannunka mai nauyi, ka riƙe wayarka shekara huɗu ko biyar maimakon biyu. Ina kuma da damuwa da irin wannan nasiha idan ta yawaita, saboda takan janye hankali daga masu yanke shawarar inda za a gina cibiya da irin wutar da za ta sha.

Haƙar Bitcoin kuwa, wato sa kwamfutoci su yi ta lissafi domin samun sabon kuɗin kirifto, tana shan wuta daidai da wata matsakaiciyar ƙasa, domin tsarinta a kan gasar lissafi aka gina shi. Sin ta haramta haƙar a 2021, sai masu yi suka kwashe injinansu zuwa Amurka da Kazakistan, inda kwal yake da rinjaye a wutar ta biyun. Jihar New York ta sa dakatarwar shekara biyu a watan Nuwamban 2022 kan ba da sabon izini ga masu haƙa da ke amfani da tashoshin ƙona mai da gas. Ethereum, wani kuɗin kirifto, kuma ya sauya tsarinsa a watan Satumban 2022, wutar da yake sha ta ragu da fiye da kashi 99 cikin 100, abin da ya nuna cewa yawan shan wutar zaɓin tsari ne.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a sashen tsare-tsare. Ƙasashen da suke ƙoƙarin kai intanet ga jama'arsu yanzu, shin ya dace a ce su ma su rage gudu saboda yanayi?

Ranka ya daɗe, ban ga hujjar hakan ba. A 2024 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba su shiga intanet ba, kuma hayaƙin wannan fanni ya taru ne a Amurka da Sin da Turai, waɗanda suke shan mafi yawan wutar cibiyoyin duniya. Wanda bai samu layin da zai nemi ilimi ko ya karɓi kuɗi da shi ba, ba shi ne ya ɗumama duniya ba. Abin da mai zuwa daga baya yake da shi shi ne damar sa sharaɗi kafin a zuba tubali, maimakon ya yi ihu bayan hari kamar yadda ya faru da ƙasashen da sai da layin wutarsu ya cika sannan suka farga.

A ƙasashen da wutar gwamnati ba ta tsayawa, ɗaya daga cikin manyan tushen hayaƙin fannin shi ne janaretocin dizal da ke ƙarƙashin turakun waya. Hukumar sadarwa tana iya rage wannan da kayan aikin da suke hannunta tun yanzu: ta wajabta wa kamfanoni raba turke ɗaya maimakon kowa ya kafa nasa, ta sa komawa sola da baturi cikin sharuɗɗan sabunta lasisi da wa'adi bayyananne, ma'aikatar kuɗi kuma ta sassauta harajin shigo da waɗannan kayan. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta fitar da mizani a 2020 da ke neman fannin ya rage hayaƙinsa da kashi 45 cikin 100 tsakanin 2020 da 2030, kuma hukuma tana iya ɗaukarsa ta auna kamfanonin da take ba lasisi da shi.

Idan kamfanin waje ya zo neman fili da rangwamen haraji domin gina cibiya, a tambaye shi a rubuce yawan wutar da zai sha da inda za ta fito, yawan ruwan da zai ja da kuma daga wane tushe, sannan a sa amsoshin cikin yarjejeniya tare da wajabcin ba da rahoto duk shekara ga hukuma da jama'a. Irin wannan cibiya takan ɗauki ma'aikata da yawa lokacin gini, amma bayan ta fara aiki mutanen da take bukata ba su da yawa idan aka kwatanta da wutar da take sha, don haka a yi wannan lissafi kafin a yafe haraji.

Akwai kuma abin da yake kan teburinku kai tsaye, wato sayayyar gwamnati. Gwamnati tana cikin manyan masu sayen kwamfuta a kowace ƙasa, kuma takardar neman kwangila doka ce a aikace ga duk mai son ya sayar mata. Kuna iya rubuta cewa kwamfutar da za a kawo ta zo da garantin shekara biyar, baturinta da ma'ajiyarta su zama masu sauyuwa, mai kawowa ya ajiye kayan gyara, ya kuma karɓi tsofaffin ya kai su inda ake sarrafa su da shaida. Faransa ta riga ta wajabta wa hukumominta su sayi wani kaso na kayan kwamfutarsu daga waɗanda aka gyara aka sake sayarwa, ƙarƙashin dokarta ta yaƙi da ɓarna ta 2020. Irin wannan sharaɗi ba ya jiran majalisa a mafi yawan lokuta, domin sashenku da ofishin kula da kwangiloli suna iya shigar da shi cikin takardar sayayya ta kasafin shekara mai zuwa.